Na'urar tace iskar ɗaki tana aiki da gaske kuwa, ko talla ce kawai?

Maman_Yasir:

Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah masu sani a taimaka min da shawara. Yarona yana da asma, da rana garau yake yana ta guje-gujensa amma da an kwanta sai tari ya taso, wani lokacin har ka ji numfashinsa na fita da ƙara. Likita ya ba shi abin shaƙa yana amfani da shi, kuma ya ce mu rage ƙura a ɗakin da yake kwana. To matsalar gidanmu a bakin babban titi yake, motoci ba dare ba rana, in na goge tebur da safe kafin yamma sai in iya rubuta sunana a kai da yatsa. Wata ƙawata ta ce in nemi na'urar tace iska, irin wadda ake ajewa a ƙasa a jona a wuta tana zuƙar iska tana fitarwa.

Na shiga intanet in duba sai kaina ya ƙara ɗaurewa wallahi, wannan an rubuta HEPA, waccan an rubuta "irin HEPA", wata ta ce tana da ayonaiza, wata fitilar UV, wata kabon, ga wata lamba wai CADR da ban ma san me take nufi ba. Kowa yana cewa tasa ce ke kashe kashi 99 na komai da komai. Shi ne nake tambaya, abin nan yana aiki da gaske ko dai fanka ce aka saka wa riga? Kuma tunda akwai AC a ɗakin kuma ita ma tana da raga a ciki da nake wankewa, ba ta wadatar ba? In har zan saya wacce iri zan nema, kuma a ina ake ajewa, kwana za ta yi a kunne ko sai in an ga ƙura? Nagode.

Bash_Lantarki:

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba yaro lafiya. Tana aiki, amma sai an dace da girmanta kuma an bar ta a kunne, mafi yawan waɗanda za ki ji suna cewa ba ta komai ɗayan biyun nan ne suka rasa.

Bari in fara da AC ɗin don a cire shi daga lissafi. Irin AC na bango da ake sawa a ɗaki ba ya kawo iska daga waje, iskar ɗakin yake juyawa yana sanyayawa, kuma ragar da kike wankewa an sa ta ne don ta kare cikin injin daga gashi da manyan ƙura. Abin da ke damun huhu ta cikinta yake wucewa hankali kwance. Ƙurar da kike gani a kan tebur ita ce manya, hanci da maƙogwaro kan tare da yawa daga cikinta. Wadda ake tsoro ita ce PM2.5, wato ƙwayoyin da faɗinsu bai wuce maikron 2.5 ba, alhali silin gashin mutum ɗaya ya kai kusan maikron 70. Hayaƙin mota, hayaƙin suya, na sigari, na kyandir duk irinsu ne, suna daɗewa suna yawo a iska kuma har can ƙuryar huhu suke shiga. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2021 ta sauke ma'auninta, ta ce matsakaicin yini kada ya wuce maikrogiram 15 a kowace mita kubik ta iska, na shekara kuma 5. Gidan da ke bakin titi kam ba abin mamaki ba ne ya wuce haka.

HEPA kuwa ba sunan kamfani ba ne, ma'auni ne. A Amurka kafin a kira filta HEPA sai ta kama kashi 99.97 cikin 100 na ƙwayoyin da ke maikron 0.3. Na Turai kuma za ki ga an rubuta H13 ko H14, H13 ɗin kashi 99.95 ne kuma ya ishi gida ya yi yawa ma. Asalinta tun shekarun 1940 ne lokacin da Amurka ke haɗa bam ɗin nukiliya, suna neman abin da zai tare ƙurar da ke ɗauke da guba. Mutane na ɗauka rariya ce mai ƙananan huji, duk abin da ya fi hujin ƙanƙanta ya wuce, ba haka take ba. Zare ne siriri birjik a cukuikuye aka naɗe shi ninki-ninki, manyan ƙwayoyi su zo da gudu su bugi zaren su maƙale, mitsi-mitsin kuma ba sa tafiya a miƙe, iska na wurgi da su nan da can har su ci karo da zare su ma su maƙale. Na tsakiya, wajen 0.3 ɗin nan, su suka fi wuyar kamu shi ya sa ake gwaji da su. In kin ga an rubuta "irin HEPA" ko "kamar HEPA" to wayo ne na masu talla, ba ta ci jarrabawar ba, ki wuce.

Yanzu CADR, kuma gaskiya wannan lambar ta fi duk sauran surutun da ke jikin kwali muhimmanci. Tana gaya miki yawan tsabtatacciyar iskar da na'urar ke fitarwa. Filta ko ta kai ina da kyau in fankar ciki ƙarama ce ɗan abin da ya ratsa ta kawai za ta tace, sauran iskar ɗakin tana nan yadda take. Lissafin ba wuya, ki auna tsawon ɗakin da faɗinsa da tsayinsa ki ninka. Misali mita 4 sau 4 sau 3, kin samu mita kubik 48. Ana so iskar ɗakin ta bi ta cikin na'urar wajen sau 5 a awa, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ma sau 5 ɗin ta ba da shawara a 2023. To 48 sau 5 ya ba ki 240, ki nemi mai CADR 240 a mita kubik cikin awa ko sama da haka. In a cfm aka rubuta, wato ƙafa kubik a minti, ki raba 240 ɗin da 1.7, zai ba ki wajen 140. Amma fa ki lura, wannan lambar a gudun ƙarshe ake auna ta, kuma a gudun ƙarshe ƙararta ba za ta bar yaro ya yi barci ba, shi ya sa ni kullum nake cewa a sayi wadda ta ɗan fi ƙarfin ɗakin, a sa ta a matsakaici, ta yi aikin a shiru. Ƙananan nan masu kyau da ake ɗorawa a kan tebur masu fitila kala-kala, kwalliya ce.

Wajen ajewa, ɗakin kwanansa, tunda nan yake shafe awanni masu yawa a jere. Kada a cusa ta bayan labule ko a manna ta da bango ko a saƙa ta tsakanin gado da durowa, a bar mata fili ta shaƙa ta fitar. A rufe ƙofa da taga in tana aiki, ba za ta iya tace titin gaba ɗaya ba. Kuma a bar ta a kunne, da an kashe ƙura ke sake taruwa. Wutar da take ci ba ta da yawa, a matsakaicin gudu kusa da na fanka ne. Sai abu na ƙarshe, in kin kawo ta gida ki buɗe bayanta ki duba, sabuwar filta a cikin leda take zuwa, mutane da yawa na jonawa haka nan da ledar su yi ta mamakin ba canji.

Kawu_Sule:

'Yata, ni dai ra'ayina daban. Duk wannan lissafin na Bash na ji kuma ban ce ƙarya ba ne, amma kafin a zo ga sayen inji a fara da abin da ke hannu mana. In akwai kafet a ɗakin yaron a naɗe shi a fitar, labule mai kauri a canza shi da wanda za a riƙa wankewa, tarkacen da ke saman durowa da ƙarƙashin gado a rage, a daina shara a bushe a koma goge ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma. Sannan maganar a rufe taga ruf ɗin nan ban yarda da ita ba, ɗaki in ba iska na shiga ana fita to mutum zai tashi da nauyin kai ne, ai kowa ya san wannan. Kuma abin nan ba sayensa ne kawai ba, filtar canzawa ake yi lokaci-lokaci, in kika je nema aka ce babu irinta shikenan ya zama kayan ado a lungu. Ni da za ki ji tawa ki sa tukwanen shuke-shuke biyu uku a ɗakin, na taɓa karantawa cewa NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, da kansu sun ce suna tace iska. Allah ya sawwaƙe.

Anti_Nas:

Maman Yasir sannu da ƙoƙari, ni aikin jinya nake yi kuma ina yawan haɗuwa da iyaye masu wannan tambayar. Abu na farko don Allah, ko wacce na'ura kika saya kada ki rage masa magani ko ki daina da kanki don kin ga sauƙi, wannan hukuncin likita ne. Kuma tarin dare da ke maimaituwa shi kansa alama ce da ya kamata ki koma ki faɗa wa likitan, sau tari yana nufin asmar ba ta kwanta yadda ake so ba, ƙila a duba maganin ko yadda yake shaƙar, yara da yawa ba sa shaƙa daidai sai an haɗa musu da bututun nan da ake sawa a baki.

Kawu yana da gaskiya a rabi, Bash ma yana da gaskiya. Abin da nake so ki gane shi ne na'urar abin da ke yawo a iska kawai take kamawa. Akwai wasu mitsi-mitsin ƙwari da ido ba ya gani, suna zama cikin katifa da filo da bargo da 'yan tsanan auduga na yara, ɓawon fatar jikinmu suke ci, kuma kashinsu na cikin manyan abubuwan da ke tayar da asma da daddare. Shi wannan nauyi gare shi, ba ya daɗewa a sama, yana nan cikin filon da yaron ya tura fuskarsa a ciki, na'urar da ke can gefe ba ta da yadda za ta yi da shi. Maganinsa wanke zanin gado da rigar filo duk mako da ruwa mai zafi, in injin wanki ne a sa a digiri 60, a samu rigar katifa da ta filo mai zif da ke rufewa ruf, 'yan tsanan kuma a rage su a kan gado. In akwai kyanwa a gidan to nan kam na'urar na taimakawa don abin da ke fita daga jikinta ba shi da nauyi yana daɗewa a iska, amma duk da haka kada ta shiga ɗakin kwanan.

Sannan ki duba bango da bayan durowa da silin, in kin ga baƙi-baƙin funfuna ko kina jin warin danshi to akwai yoyo ko laima, sai an gyara wannan, filta ba ta hana funfuna girma. Ana so danshin ɗaki ya tsaya tsakanin kashi 30 zuwa 50, kada dai ya haura 60, su ƙwarin katifar ma danshi suke so.

Kicin kuma mutane na rainawa. Suya a mai mai zafi na cika gida da ƙananan ƙwayoyin nan cikin mintuna, murhun gas kuma yana fitar da wata iska mai ƙaiƙayin huhu da HEPA ba ta kamawa sam, don haka in ana girki a rufe ƙofar ɗakin yara a buɗe tagar kicin, in akwai fankar da ke fitar da hayaƙi waje a kunna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 3.2 ne suka mutu a 2020 sanadin gurɓatar iskar cikin gida, akasari daga hayaƙin girki da itace da gawayi da kananzir. Sigari kuwa babu na'urar da ke wanke ta, mai sha ya fita waje can nesa. Turaren feshi da maganin ƙwari na feshi da sinadaran wanke banɗaki masu ƙarfin wari su ma a kiyaye su in yana kusa.

Wannan kuma ina roƙon kowa ya riƙe, filta ba ta kama kabon monoksaid, iskar nan marar wari marar launi da ke fita daga janareta da garwashi da duk abin da ke ci da wuta, tana kashe mutane cikin barci. Kada wani ya ce ai ina da na'ura bari in shigo da garwashi ɗaki ko in tayar da janareta a baranda kusa da taga. Akwai ɗan abin ƙararrawa na musamman da ake maƙalawa a bango don ita, aikinsa daban ne.

Maman_Yasir:

Kai amma nagode sosai, Allah ya saka da alheri. Anti kin taɓo inda ban yi tunani ba, gadon nasa cike yake da 'yan tsana kuwa. Malam Bash na auna ɗakin ya kusa da misalin da ka bayar. Saura mai ayonaiza da UV ɗin, a saya ko a bari? Akwai ma wata da aka ce ba ta buƙatar filta gaba ɗaya, iska mai ƙamshin ruwan sama take fitarwa ta kashe wari. Kuma maganar Kawu ta taga fa, a rufe ko a buɗe?

Bash_Lantarki:

Hajiya waccan mai "ƙamshin ruwan sama" ɗin ki guje ta, ko kyauta aka ba ki kada ta shiga ɗakin mai asma. Ozon take fitarwa, shi ne wannan ɗan warin da ake ji kusa da injin hoton takardu in ya daɗe yana aiki. Ozon yana da amfani can sama a sararin samaniya, amma a shaƙe shi yana ƙona hanyoyin numfashi yana tayar da asma, kuma adadin da zai iya kashe ƙwayoyin cuta a ɗaki ya wuce wanda mutum zai zauna a ciki lafiya. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta daɗe tana gargaɗi a kai, jihar Kalifoniya ma doka ta yi, na'urar gida da ke fitar da ozon sama da 0.05 ppm, wato kashi 0.05 cikin miliyan na iska, ba a sayar da ita a can. Ayonaiza kuma caji take ba ƙura sai ta je ta manne a bango da labule da kayan ɗaki, ba ta fita daga ɗakin ba kenan, kuma wasunsu na fitar da ozon kaɗan. In na'urar da kika samu mai HEPA ce mai kyau amma an haɗa mata ayonaiza, ki tabbatar akwai maɓallin kashe shi daban, ki kashe ki manta da shi. Fitilar UV, wadda ake sawa don haskenta ya kashe ƙwayoyin cuta, a ƙaramar na'ura ni ban ga abin biya a ciki ba, iskar na wucewa da sauri hasken bai samu lokacin yin komai ba.

Kabon shi ne na wari da hayaƙin sinadarai irin na sabon fenti da sabbin kayan katako, yana tsotse su ne har ya ƙoshi ya daina. In 'yar baƙar shimfiɗa ce siririya kamar yadda akasari ke zuwa da ita, ba ta jimawa take cika. Mai aiki sosai za ki ji nauyinta a hannu, in kika girgiza ki ji ƙwayoyin gawayin na motsi a ciki.

HEPA ba a wanke ta, ruwa na lalata zaren. Ragar gaba ce ake cirewa a kakkaɓe ko a wanke duk bayan 'yan makonni, ita ta cikin yawanci wata 6 zuwa 12 ake canzawa, a bakin titi ki sa ran ta fi saurin cika. Nan Kawu ya faɗi gaskiya tsantsa, kafin ki biya ki tabbatar ana samun filtar canji ta wannan samfurin ba wahala.

Taga kuwa Kawu ai ban ce a toshe ta har abada ba. Na'urar ba ta kawo sabuwar iska kuma ba ta cire iskar da muke fitarwa in mun yi numfashi, nauyin kan da ka ce gaskiya ne. A zaɓi lokacin da motoci suka ragu, a buɗe tagar da ba ta kallon titi in akwai, iska ta ratsa na ɗan lokaci, a rufe a ƙara wa na'urar gudu kafin yaro ya shigo kwanciya sannan a sauke ta. Sai dai shuke-shuken nan ne zan saɓa maka, ka yi haƙuri ranka ya daɗe. Binciken NASA na 1989 ne kuma a cikin ƙananan akwatuna rufaffu aka yi shi. A 2019 masu bincike a Jami'ar Drexel suka tattara gwaje-gwajen da aka yi suka lissafa, sai an sa tsiro 10 zuwa 1000 a kowace murabba'in mita kafin su kamo abin da shigar iska ta yau da kullum ke yi a gini. Ga ƙasar tukunyar in ana yawan jiƙa ta funfuna take yi, a ɗakin mai asma gara babu.

Ɗan_Baiwa:

A ƙara da wannan ga wanda ke da hannun gyare-gyare. Akwai wadda ake haɗawa da kai, lokacin korona a 2020 ta yi tashe, ana kiranta akwatin Corsi-Rosenthal da sunan mutum biyun da suka fito da ita, Richard Corsi da Jim Rosenthal. Filta huɗu masu kusurwa huɗu ake samu, masu lambar MERV 13, wato matakin ƙarfin kama ƙura, irin waɗanda ake sawa a gidajen da ke da bututun iska na tsakiya, a tsayar da su a haɗa gefe da gefe su zama akwati, a sa kwali a ƙasa, a ɗora fanka mai kusurwa huɗu a sama tana hurawa sama, a bi duk wata kafa da salatif a liƙe. Kibiyoyin da ke jikin filtocin su kalli ciki, wannan shi ne wurin da ake yawan juyawa. MERV 13 ba ta kai HEPA kamu a wucewa ɗaya ba amma iskar da fankar ke turawa tana da yawa, sai yawan zagayen ya cike giɓin.

Ni na haɗa ɗaya a falo kuma ina da ɗan mitar PM2.5 mai fitila, in aka fara suya a kicin ko aka kakkaɓe kujera za ka ga ta tashi daga kore ta koma ja, in na kunna akwatin a hankali ta sauko ta dawo kore. Filtocin farare fes na saka su, yanzu sun koma ruwan toka, in ka shafa yatsa a cikin ninkin sai ya fito baƙi. Amma Maman Yasir ban ce ki sa ta a ɗakin yaro ba fa, tana da ƙara, tana cin wuri, kuma yara da son tura yatsa cikin fanka. Ɗakinsa ki sa mai HEPA ɗin da Malam Bash ya kwatanta, wannan in mai gidan na da sha'awa ya haɗa ta a falo, da sabuwar fanka ba tsohuwa mai zafin inji ba.